Cutar emasi a matsayin zaren bitar biyoshimi da ilimin ƙwayar rai

Duk malamin da ya taɓa gyaran takardun jarrabawar shekarar farko a sashen kimiyya ko na likitanci ya san irin wannan takarda: ɗalibi ya jero matakai goma na glikoliz babu kuskure, kowane anzim da sunansa, amma da aka tambaye shi dalilin da ya sa jar ƙwayar jini take tsayawa a nan, ba ta shiga zagayen Krebs, sai ya bar wurin fari. Ba lalaci ba ne. Ɗalibbanmu sun taso da hadda, kuma sun iya ta. Abin da ya faru shi ne an ba su biyoshimi a hannun wani malami, ilimin ƙwayar rai a hannun wani, ilimin gado a hannun na uku, cikin Faransancin da ba a magana da shi a gidajensu, sai kowane darasi ya zama rumbu mai ƙofarsa dabam.

Shawararmu a wannan takarda ita ce, a lokacin bita, ɗalibi ya ɗauki cuta guda wadda ya sani tun daga gida, ya bi ta daga ADN har zuwa gadon asibiti. Mun zaɓi emasi, wato drépanocytose, wadda ake kira sikila ko amosanin jini a Najeriya. Da wuya a samu aji a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai da babu wanda ke da ɗan'uwa mai ita. Game da kalmomi: tun da yake ana amfani da "ƙwayar halitta" ga cellule da gène duka biyu, a nan za mu ce "ƙwayar rai" ga ta farko, "ƙwayar gado" ga ta biyu.

Harafi ɗaya

Emoglobin ta babban mutum, HbA, sarƙoƙi huɗu ne: alfa biyu, kowace da asid amine 141, da beta biyu, kowace da 146. Kowace sarƙa tana rungume da hem guda mai ƙarfe a tsakiya, wanda shi ne ke riƙe oksijen. Ƙwayar gadon beta tana kan kuromozom na 11. A kodon na shida, inda ya kamata a karanta GAG, mai emasi yana da GTG. Ke nan harafi ɗaya ne ya sauya, sai valin ta zauna a mazaunin glutamat. Ɗalibin da ya rubuta wannan da hannunsa, ya juya shi zuwa ARN (GUG), ya nemo shi a jadawalin kodon, ya riga ya yi bitar kwafi da fassara ba tare da ya buɗe babinsu ba. (Masu digiri na gaba za su ci karo da Glu7Val a sababbin rubuce-rubuce. Ba saɓani ba ne: an ƙirga metiyonin ɗin farko ne, wanda ake yankewa bayan an gina sarƙar.)

Tambayar da ta fi muhimmanci, wadda kuma hadda ba ta amsa ta, ita ce me ya sa wannan ɗan sauyi yake kwantar da yaro. Glutamat tana ɗauke da caji maras, wato négatif, tana zaman lafiya da ruwa, shi ya sa mazauninta a bayan furotin yake, inda ruwa ke taɓawa. Valin kuwa mai gudun ruwa ce, kamar man gyaɗa a cikin ƙwarya: duk inda ta ga ɗan'uwanta sai ta manne. Muddin emoglobin tana ɗauke da oksijen, babu inda valin za ta shiga. Da zarar ta sauke shi sai siffarta ta juya, wani ɗan aljihu mai gudun ruwa, wanda fenilalanin ta 85 da lesin ta 88 suka kewaye, ya samu a kan sarƙar beta ta maƙwabciya. Valin ta faɗa ciki, wannan ta kama waccan, waccan ta kama ta gaba, har su zama dogayen zaruruwa masu tauri da ke miƙe ƙwayar daga ciki, ta koma siffar lauje. Matakai huɗu na ginin furotin da ake tambaya kowace shekara, da abin da littafi ke kira allostérie, duk ga su nan cikin labari ɗaya.

Cajin nan da ya ɓace shi ne Linus Pauling da abokan aikinsa suka gano alamarsa a 1949, lokacin da suka ga HbS ba ta tafiya daidai da HbA a elektroforez. Vernon Ingram ne, a 1956 da 1957, ya nuna ainihin asid amine ɗin da ya sauya. Muna ganin ya fi kyau a bar ɗalibi ya hango sakamakon da kansa. A ba shi HbC, wadda ta yawaita a Burkina Faso da arewacin Gana, inda kodon ɗin nan ya zama AAG, wato lizin mai caji positif. A ruwa mai alkali duka ukun suna nufar anod. A ce kan gaba, S ta rasa caji biyu ta biyo baya, C kuwa ita ce kurar baya. Wanda ya fahimci haka ba ya bukatar haddace hoton. Zai kuma gane abin da ya sa gwajin Emmel, wanda ake yi da metabisulfit a ƙarƙashin mikroskop, ba ya isa a yanke hukunci: yana nuna akwai S a jini, amma ba ya raba AS da SS.

Ƙwayar da ba ta da komai

Jar ƙwayar jini ta mutum ba ta da cibiya, ba ta da mitokondiri, ba ta da ribozom. Ga amsar tambayar da muka fara da ita: zagayen Krebs a cikin mitokondiri yake, ita kuwa ba ta da shi, don haka daga kowace glukoz ATP 2 kawai take samu, ta zubar da laktat. Ƙwayar da ke da mitokondiri tana samun wajen 30 zuwa 32. Tsofaffin littattafan da har yanzu ke yawo hannu zuwa hannu suna cewa 36 ko 38. Ya kamata malammai su daidaita bakinsu a kan wannan kafin ranar jarrabawa, kada a kayar da yaro don ya karanta sabon littafi.

Tun da ba ta iya gina sabon furotin, duk abin da ya lalace a jikinta ya lalace ke nan. Lafiyayya tana yin kwana 120. Mai lauje kwana 10 zuwa 20. Daga nan ƙarancin jini ya fito, daga nan kuma rawayar ido, domin hem ɗin da aka rushe bilirubin yake zama. Sa'an nan faɗin ƙwayar mikrometa 7 zuwa 8 ne, alhali wasu ƙananan jijiyoyi ba su kai haka ba. Lafiyayya lanƙwashewa take yi ta wuce, mai tauri kuwa sai ta toshe hanya. Ciwon ƙashin da iyaye suka sani ke nan.

A nan ne ɗalibi zai iya fassara abin da ya gani a gida. Saurin haɗuwar zaruruwan ya dogara ƙwarai a kan kaurin HbS a cikin ƙwaya, saboda haka ƙishirwar watan Afrilu, da zazzaɓi, da gudawa, duk abin da ke janye ruwa, yana kusanto da rikici. Tsamin jini yana sa emoglobin ta saki oksijen da wuri (effet Bohr), haka ma 2,3-BPG, wanda reshe ne da ya fito daga glikoliz ɗin da aka haddace. Jinjiri kuwa yakan yi watanninsa na farko lafiya, domin HbF, mai sarƙoƙin gama a madadin beta, tana hana zaren tsawo. A kan wannan hujja maganin hidroksiyure yake aiki, yana ƙara HbF. A kanta kuma aka gina Casgevy, wanda Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, inda ake amfani da CRISPR a raunana BCL11A, mai kulle ƙwayar gadon gama bayan haihuwa. Kuɗinsa ya fi ƙarfin majinyatanmu nesa ba kusa ba, amma a matsayin darasin sarrafa ƙwayoyin gado babu kamarsa.

Ba mu ce zaren nan ya ɗinke komai ba. Bai taɓa rabuwar ƙwayoyin rai ba, bai taɓa sarƙar numfashi ta mitokondiri ba. Wannan ta biyun sai a nemo mata nata, misali gubar siyanir ta rogo mai ɗaci da ba a jiƙa sosai ba, wadda ke tsayar da sitokrom oksidaz.

Saura lissafin gado, inda kuskure ya fi tsada. Anthony Allison ya nuna a 1954, a gabashin Afirka, cewa masu AS suna da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya bayyana dalilin yawan S a ƙasashenmu. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. Mun sha karanta a takardun jarrabawa cewa "yaro ɗaya cikin huɗu" ne zai kamu, kamar idan na fari ya ɗauka sauran uku sun tsira. Wanda ya rubuta haka, nan da ƴan shekaru shi ne zai zauna gaban saurayi da budurwa riƙe da takardar gwajinsu. Don haka muke son a sauya tambayar a kowace bita: uba AS ne, uwa AC, ƴaƴansu biyu na farko SC ne, a zana layukan elektroforez na su huɗun, sa'an nan a faɗi rabon ciki na uku.