Kafin a ce zinariya ce, sai asid ya yi magana

Ranar Litinin wani ɗalibina ya ajiye mini ɗan dutse mai ƙyalli bisa tebur, ya ce: "Malam, yayana ne ya zo da shi daga Jado, wai zinariya ce." Na jujjuya shi, na ce masa kama da wane ba ta wane. Akwai dutsen da ke ɗaukar ido, alhali ƙarfe ne da farar wuta.

Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, mu malamai muke ganin kujeru na zama fanko, yara na bin mota zuwa arewa. Shi ya sa na ajiye darasin ranar, muka yi wannan.

A ɗakin gwaje-gwaje, yawancin na'urorin auna ƙarfe ruwa suke karantawa. Don haka sai a busar da dutsen, a niƙe shi lilis, a auna ɗan kaɗan, a zuba masa asid, a ɗumama. Asid nitirik yana narkar da azurfa, tagulla da dalma, amma ba ya taɓa zinariya. Ita sai an haɗa kashi 3 na asid hidirokilorik da kashi 1 na nitirik, haɗin da masana ke kira ruwan sarauta. Daga nan a tace, a sirka da ruwa mai tsabta, a miƙa wa na'ura. In narkewar ba ta cika ba, lissafin zai fito ƙasa da gaskiya, mai kaya ya kwana ciki.

Irin wannan gwaji yana kuma tona guba. A Zamfara, a 2010, dalmar da ke cikin dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara kusan 400. Ido bai ga komai cikin ƙurar ba.

Yaron ya ce: "To Malam, in sayo asid ɗin in gwada a gida?" Na ce a'a, wallahi kar ka soma. Jan hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu, ɗigo ɗaya na iya tsiyayar da ido. Masu aikin ma sai da safar hannu, tabarau da injin zuƙe hayaƙi.

Ya mayar da dutsen aljihu. Washegari na kira suna, ya amsa. Alhamdulillahi.