Garin Neman Gira: Tayil Mai Santsi da Ƙashin Tsofaffinmu

Ana saura kwana goma babbar Sallah bara, ɗan Goggona na fari ya turo kuɗi a gyara mata ɓangarenta. Aka fasa simintin da ta shekara talatin tana takawa, aka shimfiɗa tayil fari tas, irin mai ɗaukar idon nan da mutum ke hango fuskarsa a ciki, tun daga ɗaki har banɗaki. Duk wanda ya shigo gaisuwar Sallah sai ya sa albarka. Ita ma ta sa. Na dai lura duk sanda za ta fita sai ta bi jikin bango tana dafawa. Na ce, "Goggo, ko ƙafar ce?" Ta ce, "A'a ɗan nan, ban saba ba ne tukuna." Ta yaya za ta buɗi baki ta ce aikin da ɗan fari ya yi mata tsoro yake ba ta, ita da ko sunansa ba ta kamawa?

Ba a rufa wata biyu ba. Da asuba, babu wuta, ta ɗauki buta ta zura silifas ɗin roba da ƙasansa ya suɗe, ta shiga kewaye ta sa sakata. Ashe ruwan sabulun da jikarta ta yi wanka da shi da daddare yana nan kwance. A wurin ta wanzu har aka idar da salla a masallaci, kafin wata yarinya ta jiyo nishinta. Ƙofar kuma ciki take buɗewa, ga sakata, ga jikin Goggo ya tokare ta. Sai da aka ɓalle ta.

Abin da muka yi bayan nan shi ya fi ci mini rai, don har da ni a ciki. Muka ciccibe ta, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, tana salati muna cewa sannu. Aka ce ai tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Aka kira mai ɗori, ya lalluba ya ce gocewar ƙashi ce, ya ja, ya shafa, ya ɗaure, ya ce nan da sati biyu za ta taka. Sati uku tana kwance rigingine a kan katifa, ba ta juyawa don azaba, har gyambo ya fito mata a bayan ƙugu, ga tari ya sarƙe ta. Sai a lokacin muka tuna da asibiti. Hoto ya nuna wuyan ƙashin cinya ne ya karye, can cikin kwatangwalo. Likitan ya ɗaga hoton ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Malam, tun yaushe?" Babu wanda ya iya haɗa ido da shi.

Ba raina masu ɗori nake yi ba, gadon gidansu ne kuma sun taimaki jama'a da dama. Amma karayar kwatangwalo tana can ƙarƙashin tsoka mai kauri inda kara da tsumma ba sa kaiwa, kuma idan wuyan ƙashin ya karye, jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin sukan yanke. Galibi maganinta tiyata ce, kuma likitocin ƙashi suna son a yi ta cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don doguwar kwanciyar ita ke kashe tsoho: gyambo, ciwon huhu, daskarewar jini a ƙafa. Alamarta ba ɓoyayya ba ce. Tsoho ya faɗi, ya kasa miƙewa, yana kukan makwancin cinya, ƙafar ta ɗan gajarce ta kuma karkace waje. Kun ga haka, kada a tayar da shi tsaye, kada a ja ƙafar. A zura katako mai faɗi ko ƙyauren ƙofa a ƙarƙashinsa a ɗauke shi a kwance sai wurin hoto. Wanda ke Kano ko kewaye ai ga Asibitin Ƙashi na Dala nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 duk shekara, ita ce ta biyu bayan haɗarin mota a cikin mace-macen haɗari, kuma waɗanda suka haura shekara 60 suka fi yawa a ciki. Kowa ya san dalili: ƙashi ya yi laushi, musamman na mata bayan ɗaukewar al'ada, ido ya yi yana, ciwon suga ya kashe tafin ƙafa. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda muka san duk wannan, sannan mu ɗauki kuɗinmu mu je kasuwa mu sayo wa iyayenmu tarko.

Tayil kala-kala ne. Akwai na bango, akwai na ƙasa, a na ƙasan ma akwai mai kaushi da aka yi musamman don wurin ruwa. Mu kuwa wanda ya fi sheƙi muke nunawa, don a shigo a ce wane ya gyara wa uwarsa gida. Wani mai aikin ma ragowar na bango yake mannawa a ƙasan banɗaki don kada ya yi asara, mai gida kuma yana can wani gari ana turo masa hoto a waya yana cewa ya yi kyau. Haba jama'a! Gidan da ake alwala sau biyar a yini, ake wanka da bokiti, yara ke ɓarin ruwa, yaushe ƙasansa zai bushe? Kafin ka biya, ka zuba wa tayil ɗin ruwa ka goga tafin hannunka a kai. In ya zame, bar musu kayansu. In kuma an riga an shimfiɗa, a fasa na banɗakin tsohuwar kaɗai a mayar da mai kaushi, ko siminti da aka karta shi. Ba a samu halin haka ba, a sa tabarmar roba mai huji-huji wadda ke kama ƙasa, ba tsohon buhu ko tsumma ba, don su ma zamewa suke.

Sai abin dafawa. A kira mai walda ya kafa bututun ƙarfe a jikin bango, ɗaya kusa da masai, ɗaya inda ake wanka, a dasa shi cikin siminti sosai har ƙato ya rataya bai girgiza ba. Tsoho mai ciwon gwiwa ya daina tsuguno: kafinta zai iya yin kujera mai huda a ɗora kan masai, a kuma ajiye kujerar zama don alwala da wanka. A juya ƙofar ta riƙa buɗewa waje, a cire sakatar ciki, in don sutura ne labule ya isa. A goge gansakukar bakin rariya. A sa fitilar sola ko mai caji tsakanin gado da banɗaki ta kwana a kunne, a daina barin tsohuwa da buta a hannu ɗaya, tocila a ɗaya, ba ta da hannun dafa komai. Ledar ɗaki da bakinta ya naɗe, wayar caji da ta ratsa hanya, dokin ƙofa mai tsawo, duk a duba su. Mai shan maganin hawan jini kuma in ya farka kada ya zabura, ya zauna bakin gado ɗan lokaci jiri ya sake shi.

Sanda kuwa, wasu tsofaffin gudunta suke wai kada a ce sun tsufa, 'ya'yan kuma sai su yanko kowane icce su miƙa. Tsawonta daidai shi ne, in mutum ya tsaya da takalminsa ya saki hannu, mariƙin ya zo daidai wuyan hannunsa. Ana riƙe ta ne a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya, sanda da ƙafa mai ciwo su tafi tare. Mutane da yawa a juye suke yi. A matakala, mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwo ce ke fara sauka. Gindinta lallai da roba, in ta cinye a sake, don sanda marar roba a kan tayil ta fi babu haɗari. Wanda sanda ta yi wa kaɗan, a nemo masa ƙarfen nan mai ƙafa huɗu. Keken guragu kuma a auna faɗin ƙofofi kafin a saya, kuma gangaren da za a yi masa kada ya miƙe tsaye: duk tsayin taku ɗaya yana son tsawon taku goma sha biyu. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya wuce, ku leƙa ofisoshi da masallatanmu ku ƙirga matakala.

Da aka yanka mana kuɗin tiyatar Goggo, ɗan nata ya zaro katin inshorarsa ta aiki da ƙwarin gwiwa. Nan ya ji abin da bai taɓa tambaya ba: tsarin ma'aikata ya ƙunshi ma'aikaci ne da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Uwa ba ta ciki sai an yi mata rajista daban an biya. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma tanadi asusu don marasa galihu, har da tsofaffi da naƙasassu, jihohi kuma suna da nasu hukumomin taimakekeniya, kamar KSCHMA a Kano. A je a yi wa tsoho rajista tun yana kan ƙafarsa, don akwai wa'adin jira kafin kati ya fara aiki. A kuma tambaya ƙarara me ya shiga me bai shiga ba, musamman ƙarfen da ake sawa a ƙashi da gashin ƙashi bayan tiyata.

Mu dai karo-karo muka yi, aka kuma sayar da shanu biyu. Goggo tana takawa yanzu da mai ƙafa huɗu, daga gado zuwa bakin ƙofa, salla kuma a zaune. An fasa tayil ɗin banɗakin, mai walda ya kafa ƙarafunan cikin yini guda. Na tsakar ɗakin yana nan yana sheƙi, ta hana a taɓa, wai kada ran yaron ya ɓaci.