LOKO: BARGAR DOKIN ƘARFE

Wanda duk ya yi zama a Sabon Garin Zariya ko kusa da tashar Kano a zamanin jirgin kwal, ba ya manta kukan jirgi da asuba da hayaƙin da ke turnuƙewa. Amma kaɗan ne suka taɓa leƙa wurin da kan jirgi ke kwana, watau Loko. To, bari mu shiga da mai karatu, ya ga aikin da a ke yi can kafin fasinja ya hau tarago.

Layin dogo ya iso Kano daga Baro cikin 1911. Cikin 1912 aka haɗa shi da wanda ya taso daga Ikko, suka zama reluwe guda. Zariya ta zama mararraba, domin daga nan ƙaramin layi ya nufi Jos, wanda aka rufe cikin 1957, wani kuma ya nufi Ƙauran Namoda, ya isa cikin 1929. Saboda haka aka kafa babbar Loko a can. Manyan gyare-gyare kuwa Ebute Metta ta Ikko ce uwarsu.

Kan jirgi, in ka duba, tukunya ce bisa ƙafafu. Ana hura kwal a murhu, zafin ya bi ta cikin bututai masu yawa da ke nutse a ruwa, ruwan ya tafasa. Ruwa in ya zama tururi yana neman wuri fiye da ninki 1,600 na wanda ya ke ciki da. Da ya rasa mafita, sai ya tura wani ƙarfe gaba da baya cikin silinda, ƙarfen ya tura sanda, sanda ta juya ƙafa. Abincinsa biyu ne rak, kwal da ruwa. Kwal daga Inugu a ke kawo shi, inda aka gano shi cikin 1909.

Jirgi in ya sauke tarago, sai a kai kan Loko kamar yadda a ke mai da doki barga. Da fari a tsai da shi bisa rami a zubar da toka, a kankare dutsen da kwal ya bari a murhu, don in ya toshe iska wuta ba ta ci. Sa'an nan a ɗora kwal, a cika tanki, a zuba busasshen yashi wanda a ke yayyafawa bisa dogo in ƙafa tana santsi. A juya shi ya fuskanci hanyar gobe. Makanikai su shiga ƙarƙashinsa da fitila da guduma suna ƙwanƙwasawa, domin ƙarfen da ya tsage amonsa dabam ne. Akwai mai kwana yana tsaron wuta, gama in ta mutu sai an yi sa'o'i kafin tururi ya sake tashi, kuma ba a gaggauta shi, don kada ƙarfe ya buɗe.

Aikin da ya fi ko wanne hatsari ga mai sakaci shi ne wankin tukunya. Ruwa yana barin ƙanzo jikin ƙarfe kamar na tsohuwar buta. In ƙanzon ya yi kauri, zafi ba ya ratsawa, ƙarfe ya ƙone. Don haka lokaci lokaci a ke kashe wuta a wanke ciki sarai. Haka kuma in ruwa ya yi ƙasa har rufin murhu ya bushe, tukunya na iya fashewa ta hallaka direba da fayaman. Shi ya sa aka dasa toshiyar dalma a rufin, wadda ke narkewa ta yi gargaɗi tun abu bai ɓaci ba.

Kada mai karatu ya ce wannan sha'anin 'yan reluwe ne kaɗai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare cikin 1945, kawunan jirgi sun tsufa, kayan gyara sun yi wuya, sai gyaɗa ta taru dala dala a Kano tana jiran mai kai ta teku, tafiyar mil 700. Daga 1948 aka fara kawo sababbin kawuna daga Birtaniya, waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunan ƙasar nan. Ashe arzikin manomi yana rataye a hannun mai baƙin mai a riga, wanda ba wanda ya san sunansa.

Cikin 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, kuma a shekarun nan jirgin dizal ya fara shigowa, ba toka, ba tsaron wuta. Sannu a hankali ya ture na kwal, har aka daina aiki da shi.

Saura ƙiris waɗanda suka riƙe shebur a Loko su ƙare. Muna roƙon malamai su nemi tsofaffin nan, su kai yara su ji daga bakinsu, su kuma rubuta. Ma'aikacin ofis kuwa ya ɗauki darasi: jirgin da ya iso kan lokaci, tun daren jiya wani ya kwashe masa toka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.