Dengue ta daɗe da zama 'yar gida a Sudan

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, zazzaɓin dengue ya kwantar da dubban mutane a Gadarif da Khartum, daga baya ya kai Jazira. Da yawa na ɗaukarsa baƙon da yaƙi ya kawo, wanda zai kama gabansa in ƙura ta lafa. Tarihin cutar bai goyi bayan haka ba. A 1984 an gano iri na 1 da na 2 na ƙwayar cutar a jinin masu zazzaɓi a Port Sudan, iri na 3 ya bayyana can a 2004, Kassala ta sha fama a 2010 da 2019, Darfur a 2015. Cutar da ta shekara arba'in tana kewaya ƙasa ta riga ta kafu.

Duk sa'ad da ƙwayar ta kwafi kanta takan ɗan yi kuskure a ƙwayoyin halittarta, zuriyarta ta gaji kuskuren. Da waɗannan alamomi masana ke bambance wadda ta kwana a gari da sabuwar shigowa ta Bahar Maliya. Sanin irin da ke yawo yana ceton rai, domin iri huɗu ne, kuma wanda ya warke daga ɗaya kariyarsa mai ɗorewa daga shi kaɗai ce. In wani irin ya same shi, haɗarin zubar jini ya ƙaru.

Za a ce ai dengue cutar birni ce, ƙauyukan Hausawa na Jazira da Mai Wurno kuwa maleriya ce damuwarsu. Amma sauron Aedes aegypti da ke yaɗa dengue, mai ɗigon fari a ƙafafu, ba ya neman kududdufin gona. Randa da duro da tsohuwar taya sun ishe shi. Yana manna ƙwansa a jikin randa, daidai bakin ruwa, ƙwan ya yi watanni a bushe, ya ƙyanƙyashe ranar da aka sake cika ta. Da rana yake cizo, lokacin da gidan sauro ke naɗe. A kambo, matsugunin ma'aikatan gona, da babu famfo, ajiye ruwa dole ne. Ga kuma waɗanda suka tsere daga Wad Madani a Disambar 2023 suka bazu cikin ƙauyuka, wanda hakan na iya kai ƙwayar can.

Don haka a kai kayan gwajin dengue asibitocin karkara, a riƙa tura jini ana tantance irin ƙwayar. A gida, a goge cikin randa duk mako, a rufe ta. Mai zazzaɓin da gwaji ya nuna ba maleriya ba ce ya sha farasitamol, ya guji asfirin.