Ina Ungulayen Zariya Suka Tafi?

Duk wanda ya haura shekara arba'in a Dutsen Abba, ko a Tudun Wadar Zariya, ya san lokacin da ba a yanka saniya a mahauta sai ungulaye sun yi layi a kan katanga suna jiran rabonsu. Mahauta na korarsu, yara na jifansu, su kuwa ko a jikinsu. Yau sai mutum ya bi hanyar Kaduna tun daga Dutsen Abba har cikin gari, ya leƙa kasuwanni da juji, bai ga ko ɗaya ba. Abin mamaki, ba a cika jin wanda ya yi cigiya ba.

In ana zancen namun dajin da ke gab da ƙarewa, hankalinmu kan tafi ga giwayen Yankari, ko dajin Kamuku na Birnin Gwari da aka mayar gandun ƙasa a 1999. To amma tun 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun duniya da ke cikin haɗari, ta sanya ungulun nan ta cikin gari a mataki na ƙarshe kafin a ce ta ɓace daga daji. A jerin nan, ta fi zaki shiga uku.

Ilimin muhalli, in an tace shi, bayani ne kan yadda rayuwar kowace halitta ke rataye da ta wata. Ciyawa na haɗa abincinta da hasken rana da ruwa da iska. Akuya ta ci ciyawa, kura ta ci akuya. Da yawa a nan suke tsayawa, alhali akwai rukunin da aikinsa share mushe da mayar da shi ƙasa ya zama taki, ciyawa ta sake tsirowa. Ungulu ce kan gaba a wannan rukuni. Ruwan cikinta na da tsananin tsami, har yana kashe ƙwayoyin cuta irin na ciwon saifa da ke kayar da shanu. Garken ungulaye kan sauka a kan mushen jaki, kafin wari ya tashi sun bar ƙashi. Hausawa da suka ce ungulu ba ta jewar banza sun lura da kyau.

In babu ita, mushen ba ya ɓacewa don kansa. Kwana da kwanaki zai yi yana ruɓewa, ƙudaje su yi biki, ɓeraye da karnukan da ba su da masu su yawaita, in ruwan sama ya zo ya wanke ƙazantar zuwa rafi. Indiya ta ɗanɗana wannan. A shekarun 1990 makiyaya suka riƙa yi wa shanu allurar diclofenac, maganin da ke lalata ƙodar ungulu in ta ci naman. Cikin 'yan shekaru fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'in ungulayen ƙasar suka mutu. Karnuka suka ƙaru, ciwon haukan kare ya bi su. Gwamnati ta hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006, bayan ɓarna ta riga ta auku. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulun ya jawo mutuwar mutane kusan dubu 500 tsakanin 2000 da 2005.

Namu dalilin daban ne, kuma sai mun daure mun faɗe shi. Babban abin da ke cin ungulu a Afirka ta Yamma shi ne cinikin sassan jikinta, musamman kai, don tsibbu da neman sa'a. Da ta yi ƙaranci sai kuɗinta ya tashi, da kuɗin ya tashi sai mafarauta suka ƙara ƙaimi, har suna tsallaka iyaka zuwa Nijar da Cadi. Guba ake barbaɗa wa nama, ta kashe da yawa a tashi ɗaya. A 2020 an hallaka sama da 2,000 ta wannan hanya a Gini Bisau. Wani lokaci ma ba ita aka nufa ba: an sa wa karnuka ko dila guba, ita ta zo ta ci.

Sai maganar itatuwa. Ungulu kan yi sheƙa a dogayen itatuwa irin su rimi da kuka da giginya, kuma an san Zariya da rimaye. Gatari da buhun gawayi da yankan filaye sun rage su ƙwarai a ƙauyukan da ke kewaye da birni. Ga shi ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Zabuwa in an kashe goma, damina guda ta mayar da gurbinsu. Ungulu kuwa sai an yi shekaru.

Doka dai akwai ta, tun ta 1985 mai kare dabbobin da ke cikin haɗari, wadda aka yi wa gyara a 2016. A ganina ba ita za ta yi aikin ba, don ba ɗan sandan da zai kwana a gindin rimi. Abin da ya fi kama hankali shi ne hanyar da gidauniyar kare muhalli ta NCF ta bi, ta zama da masu maganin gargajiya don su koma ga saiwoyi da ganyaye maimakon sassan tsuntsun. A Kure ta ƙasar Nijar ma, raƙuman dawa 49 suka rage a 1996, amma da aka jawo mazauna ƙauyuka cikin aikin tsaronsu suka haura 600. A yanki irin Dutsen Abba, masu wannan iko su ne mai unguwa, da sarkin pawa, da sarkin baka, da limamin da zai tuna wa jama'a hukuncin zuba guba a fili inda kaji da awaki da yara ke yawo.