Disleksiya: Yaro Mai Basira da Karatu Ya Gagara

A makarantun firamare na Yankwashi, Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura ba a rasa yaron da ya ƙware a lissafin kuɗin kasuwa, yake haddace tatsuniya daga ji ɗaya, amma ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba. A gida a kira shi daƙiƙi, a makaranta ya sha bulala, daga bisani a mayar da shi gona ko kiwo. Sau da yawa abin da ke damunsa larura ce da masana ke kira disleksiya.

Asalin Larurar

Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya raɗa mata wannan suna a 1887. A 1896 kuma likita Pringle Morgan na Ingila ya ba da bayanin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda karatu ya gagara. Bincike ya nuna cewa matsalar ba a ido take ba. Tana cikin yadda ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ke rarrabe sautukan magana ya danganta su da haruffa. Akan gaje ta, kuma an alaƙanta ta da wasu ƙwayoyin gado, irin su DCDC2 da KIAA0319 da ke kan kuromosom na 6. Ana ƙiyasta cewa tana shafar yara 5 zuwa 10 cikin ɗari, wato uku zuwa shida a ajin ɗalibai 60. Tana da 'yan'uwa da ke taɓa rubutu ko lissafi.

Da yake harafin Hausa kan tsaya a kan sauti guda, alamar da ta fi fitowa ita ce jan ƙafa wajen karatu da kurakuran rubutu. Rikita b, d, ɓ da ɗ abu ne da kowane ɗan koyo ke yi. Sai in ya ɗore bayan shekara takwas ne yake zama abin dubawa. Wahalar kan tsananta idan aka shiga Turanci, inda rubutu da furuci suka sha bamban.

Abin da Iyali Za Su Yi

Da farko a kai yaron asibiti a duba ido da kunne. Sa'an nan a ajiye bulala da gori, domin tsoro ba ya koyar da harafi. Tun shekarun 1930 Samuel Orton da Anna Gillingham na Amurka suka fito da hanyar koyarwa mai haɗa gani, ji da taɓawa. Ba ta buƙatar kuɗi: yaro ya zana harafi a rairayi yana furta sautinsa, ya gina shi da yumɓu, ya tafa hannu a kan kowace gaɓa ta kalma. Minti goma sha biyar kullum sun fi awa biyu a mako. Uwar da ba ta yi boko ba tana taimakawa da tatsuniya, kacici-kacici da wasannin karya harshe, waɗanda ke horar da kunne.

Malami kuwa ya zaunar da yaron a gaba, ya ƙara masa lokaci a jarrabawa, ya riƙa gwada shi da baki, ya kuma zauna da iyaye. Akwai ƙwararru a Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Bayero, Kano, da za a iya neman shawararsu.

Disleksiya ba ta gushewa, amma yaron da aka tallafa da wuri yana iya karatu har jami'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.