Ɗalibin da Ya Dawo Lafagu da Kyamara

A hutun ƙarshen shekara wani yaronmu da ke koyon aikin talabijin a Jos ya dawo gida Lafagu, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, da kyamarar bidiyo ta aro. Malamansa sun ce ya ɗauko wani abu na gida na minti biyar. Sai ya zaɓi kakarsa, wadda ke cikin tsofaffi kaɗan da suka rage masu jin yaren Kyangawa. Yawancin Kyangawan yankin Illo sun koma Hausa da Dandanci. Idan irin wannan tsohuwa ta tafi, da maganarta za ta tafi.

Ranar farko mun taru a ƙofar gida muna kallo. Ya zaunar da ita da hantsi, rana tana bayanta, ya riƙe kyamara a hannu yana jawo hoto yana mayarwa. Da aka kunna da dare, fuskarta baƙa ƙirin, hoton yana rawa kamar kwalekwale a Kwara, iskar hunturu kuma ta cinye maganar duka. Tsohuwa ta ce ta gaji, ba za ta sake ba.

Kashegari ya buɗe littafinsa na makaranta, muka zauna tare muka bi abin da aka koya masa. Na farko, a kafa kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku, domin hannu ba ya rasa rawa. Na biyu, haske ya sauka a fuskar mai magana, kuma inuwar bishiya ta fi tsakar rana. Kafin a fara, a nuna wa kyamara farar takarda, don ta gane farin wurin ta daidaita sauran launuka. Na uku, kada a yi ta jawo hoto. A ɗauki wurin gaba ɗaya, a matso daga ƙugu zuwa kai, sa'an nan fuska ko hannu, kowanne a tsaya a kai aƙalla daƙiƙa 10. Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne sauti. A kawo makirufo kusa da baki, a kare shi daga iska, mai ɗauka kuma ya sa abin saurare a kunne. Mutane suna jure hoto mai duhu, amma ba sa jure maganar da ba ta fita.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a Arewa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset na bidiyo, daga nan harkar finafinan Hausa ta bunƙasa. Yau kaset ya wuce, wayar hannu ma tana ɗauka, amma dokar haske da sauti tana nan.

Sauran darasin ba ya cikin littafi. Kwana biyu yaron ya ajiye kyamara, ya zauna kusa da kakarsa tana gyaran wake, yana tambayarta sunayen kifi da na hatsi. A rana ta uku ita da kanta ta ce, "Kai ɗan nan, ina abin naka?" Da la'asar ya ɗauke ta a gindin darbejiya, kowace kalma ta fita sarai. Sannu ba ta hana zuwa.

Muna roƙon matasanmu masu kyamara ko waya su fara da tsofaffin gidansu tun suna da rai. Ku nemi izininsu tukuna, ku rubuta suna da rana, ku ajiye abin a wuri biyu. Iyaye kuma, kada ku ce wasa yaran suke yi. Allah ya ba mu haƙurin sauraro.